Tagar da Na Fasa, Gwaggo Ta Toshe

Zuwa ga Malam Na-Dakali, mai filin shawara.

Assalamu alaikum. Malam, ka taimake ni don girman Allah, ka ba ni amsa a jaridar da za ta fito nan kusa, domin abin da ke gidana ba ya jira. Amma tun kafin mu yi nisa ina roƙonka abu guda: kada ka ce mini in yi haƙuri. Liman ya ce in yi haƙuri, mai unguwa ya ce in yi haƙuri, har mai sayar mini da goro ya ce in yi haƙuri. Ba don a ƙara mini wani haƙurin na sayi kan sarki na aiko maka da takarda ba.

Ni ma'aikacin En'e ne, duba-gari, a nan ƙasar Roni. Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake duk wanda ya iya karatun boko a garinmu zai gane ni, su ma ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na yi soja, na je yaƙi ƙasar Bama can ƙetaren teku na dawo da ƙafafuna, aka ba ni kwas na wata shida a Kano a kan tsabtar gari. Aikina in shiga gidajen mutane in duba salga, in leƙa randa ko da tsutsar sauro, in sa a cike rami, in ce a fasa taga a ɗakin da ba shi da ita. Wanda ya ƙi, in kai shi gaban alƙali. Mata na jin ƙarar takalmina suke kife tukwane. To ni ɗin nan, Malam, an gagare ni a cikin gidana, kuma wadda ta gagare ni tsohuwa ce da tsawonta bai kai kafaɗata ba.

'Yata Dela shekararta shida. Maza biyu muka haifa kafin ita, ni da matata Kaltume, duka ba su yi rai ba, ita kaɗai ta rage mana. Tun daminar bara waccan ciwon fuka ya kama ta. In ya taso mata, tun daga tsakar gida kana jin ƙirjinta yana fito. Sai ta dafa gwiwoyi, ta tura wuya gaba tana jan numfashi, haƙarƙarinta na lotsawa, ba ta iya haɗa kalma biyu. Ba ta kuka, don ba ta da numfashin da za ta yi kukan da shi. Idanu kawai take zuba maka. Na ga maza sun mutu a dajin Bama ban ƙi cin abinci ba, amma wannan kallon na Dela ba na iya jure shi.

Tun da aka yaye ta, Gwaggo Abu, ƙanwar mahaifina, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta kamar yadda aka saba, kuma har yau a can take kwana. Ɗakin nan, da a gidan wani na same shi, da tuni mai gidan ya gurfana gaban alƙali. Ƙofa 'yar ƙarama sai ka sunkuya, an rufe ta da tufaniya, an ƙara da tsohon zane. Azara ta yi baƙi ƙirin, kunkunniya na zubowa a kan shimfiɗa. A tsakiya murhu, wuta ba ta mutuwa rani da damina, in ɗanyen itace aka samu ma haka za a hura shi ana hawaye. Ga fitilar aci-bal-bal tana nata hayaƙin. Ga tarin tsummokara da tabarmi tun na aurenta, ba wanda ya taɓa ganin rana.

Ita a wurinta duk ciwon duniya sanyi ne. Sanyi ya shigi yarinya, sanyi ya kwanta mata a ƙirji, sai an kore shi da zafi. Maganinta kuwa hayaƙi. Za ta ɗebo garwashi a kasko, ta zuba ƙaron maje da tazargade da wasu saiwoyi da ban san sunansu ba, ta durƙusar da yarinya a kai, ta lulluɓe ta da gwado, sai ta yi gumi sharkaf ta yi ta tari har ta amayar da majina. In majinar ta fito sai ta zagaya da ita tana nuna wa matan gida, wai ga sanyin nan ya fita. Tana da 'yar kanzagi, wata maƙwabciyarmu da ake kira Amarya, ko da yake haƙoranta sun zube tun kafin a tafi yaƙi. Ita ce mai kawo saiwoyin, ita ce kuma mai riƙe ƙafafun yarinyar.

Na san abin da za ka ce, don haka bari in riga ka. I, ita ta raine ni. Uwata ta rasu ina goye, Gwaggo ta ɗauke ni, ta yi dakau ta ciyar da ni, ta bi ni da ƙafa har tashar mota a Kazaure ranar da aka kwashe mu soja. Nata 'ya'yan huɗu duk sun mutu suna ƙanana, wai duk lokacin ɗari suka tafi, da tari, kuma ba ta da wani zance sai wannan. An maimaita mini ya fi sau ɗari. To sai me? Don ta raine ni sai in miƙa mata 'yata ta gasa?

Bara da kaka na kira magini na sa aka fasa taga a ɗakin, kamu ɗaya da rabi, kamar yadda aka koya mana. Na zaɓi bangon baya don ta nan ne ba ta kallon gidan kowa, ba mai cewa ana leƙen matansa. Kwana biyu ta toshe ta da tsumma. Na cire. Ta toshe da buhu. Na cire na ƙona. Sai ta kwaɓa laka da hannunta ta liƙe. Na sa diga na buɗe, ta sake liƙewa. Haka muke shekara guda, ni da diga ita da laka, ba wanda ya ce wa wani uffan a kan zancen, sai dai ka wayi gari ka ga aikin ɗan'uwanka. 'Yan unguwa sun mai da mu abin hira. Na ji ana cewa duba-gari ya duba gari duka ya kasa duba ɗakin gwaggonsa, kuma na san bakin da maganar ta fito.

Kada ka ɗauka zargi nake yi ba hujja. Da bazarar bana Kaltume ta je ganin gida, rugarsu tana can wajen Gwiwa, ta tafi da Dela suka yi wata guda wurin Inno, mahaifiyarta. Bukka ce ta kara, iska na shiga ta ko'ina, girki a fili ake yi. Tun daga ranar da suka sauka yarinyar ba ta yi tari ko ɗaya ba. Tana bin maruƙa da gudu, ta dawo mini da kumatu. Kwana uku da komawarta ɗakin Gwaggo ciwon ya kayar da ita. Wace shaida kuma ake nema bayan wannan? Da damina kuma Baffana, wan Gwaggo, ya rasu a Kanya Babba, Gwaggon ta tafi can ta zauna har sadakar arba'in. Na ce yauwa. Na kashe murhun, na buɗe taga a wangale, na fitar da tsummokaran, Kaltume ta koma kwana da yarinyar a ɗakin. Gaskiya ciwon ya tashi sau uku a cikin kwana arba'in ɗin, har ɗaya ya fi na da tsanani. Amma wannan ai ba abin mamaki ba ne, hayaƙin shekara biyu ne ya riga ya cika mata ƙirji, ba zai fita a ɗan lokaci ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ranar Alhamis da ta wuce. Na dawo daga rangadi da la'asar, ina jingine keke a zaure na ji warin ƙaron nan. Na shiga ɗakin ban ko yi sallama ba. Hayaƙi ya turnuƙe, da ƙyar na gane su. Gwaggo ta danne gwado da hannu biyu, Amarya ta riƙe ƙafafu, ƙafafun kuwa sun ma daina shure-shure. Na fizge gwadon. Leɓunan Dela sun yi duhu, kanta ya langaɓe. Ban san lokacin da na yi ƙwallo da kaskon ba, ya bugi bango ya tarwatse, garwashi ya watsu har kan zanen Amarya. Na faɗa wa Gwaggo magana a gaban matan da suka taru. Na ce mata in ta gama da nata huɗu ta bar mini tawa ɗaya. Na faɗa, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban ji na yi nadama ba. Na saɓa yarinyar a kafaɗa na tuƙa keke da hannu ɗaya har ɗakin shan magani, malamin ya yi mata allura, Allah ya sa da sauran kwana.

Tun ranar Gwaggo ba ta amsa gaisuwata. Ba ta cin tuwon gidana, sai abin da Amarya ta miƙo mata ta kan katanga, don dai a ce na bar ta da yunwa. Jiya na zagaya na tarar ta sake liƙe tagar, lakar ko bushewa ba ta yi ba. Kaltume kuwa ba ta da amfanin komai a wannan faɗa. In na yi mata magana sai ta sunkuyar da kai, wai ita ba za ta iya ɗaga ido ta dubi surukarta ba. 'Yarta na mutuwa tana kunya. In na ce yarinyar ta dawo ɗakinmu, sai ta fashe da kuka, wai za a ce ita ta zuga ni na ƙwace wa tsohuwa jika.

Da ba don tantabaruna ba da tuni na haukace a gidan nan. Wani abokina na soja, Lado na Yankwashi, shi ya ba ni guda huɗu da bazarar bara waccan, yanzu sun haura arba'in. Na jera musu tukwane a jikin bangon bayan ɗakin Gwaggo, don nan ne muzuru ba ya kai musu. Kashinsu ma ba na zubarwa, ina barinsa ya taru ya bushe a wurin in kai gona. Kullum in na taso daga aiki nakan zagaya can in zauna a kan kututture a ƙarƙashin tagar, in watsa musu gero, in kunna sigarina, tunda duk fushina ban kai ga shan taba a gaban Gwaggo ba. In tagar na buɗe, Dela takan hau gado ta leƙo muna hira. Tantabarun na sauka a bakin tagar, wasu har su faɗa ciki su yi ta yawo a kan shimfiɗarta tana dariya. Akwai wata fara mai faɗa da ta raɗa wa suna Amarya. Wannan ɗan jin daɗin ma tsohuwar ta hana mu da lakarta.

To ga inda na tsaya. Sanyi na tafe, kuma na san in ya shigo za a ninka wutar nan, a sayo sabon kasko. Na yanke shawara in sa Gwaggo a mota in mai da ita Kanya Babba wurin Lauwali, ɗan marigayi Baffa, ta ƙarasa kwanakinta a can. In kuma ta ƙi tafiya, ina da takardar gargaɗi irin wadda nake ba kowa, zan rubuta mata, in ta saɓa alƙali ya raba mu. Doka ba ta san gwaggo ba. Ka faɗa mini wanne ya fi, motar ko takardar. Jaridarka kawai nake jira.

Ni ne,
Wanda Aka Kai Bango, ƙasar Roni.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam Duba-gari.

Ka ce kada in ce ka yi haƙuri, to ba zan ce ba. Abin da zan faɗa maka ya fi haƙuri ɗaci, sai ka gyara zama.

Bari in fara ba ka abin da yake naka. A kan kasko da gwado kai ke da gaskiya, ba rabi ba, duka. Na kai takardarka wurin wani likita da nake shawara da shi a Kano. Ya ce fuka ba sanyi ne da ya kwanta a ƙirji ba. Hanyoyin numfashi ne ke ƙuntata in mai ciwon ya shaƙi abin da jikinsa ba ya so, kuma hayaƙi, ko na mene ne, yana kan gaba. Majinar da Gwaggo ke nunawa ba ciwon ne ya fita ba, hayaƙin ne ya jawo ta. Yarinyar da numfashi ke gagara a fili, a lulluɓe ta a kan garwashi, wannan hanyar kabari ce. Ka yi daidai da ka fizge gwadon, ka yi daidai da ka hau keke. Hayaƙin nan ya ƙare daga ranar Alhamis ɗin, ba sulhu a kansa, haka ma murhu a rufaffen ɗakin da take kwana.

Naka ya ƙare a nan. Yanzu ga nawa.

Matar da ta binne 'ya'ya huɗu, ka dube ta a gaban maƙwabta ka ce ita ta gama da su, sannan ka zauna ka rubuto mini cewa ba ka yi nadama ba, kamar wani abin bajinta. Wannan ba zafin uba ba ne, rashin kunya ne. Zancen takardar gargaɗi kuwa, ka yage ta tun kafin wani ya gani. Ranar da ka tsai da matar da ta goya ka a gaban alƙali, ka gama aikin duba-gari a ƙasar Roni, don ba gidan da zai ƙara jin maganarka.

Ka ce kana da hujja. Na karanta takardarka sau uku, kuma hujjar da na gani ba ita ce wadda ka gani ba. Gwaggo ta daɗe a ɗakin nan da murhunta, Dela ta yi shekara biyu tana kwana a ciki lafiya lau bayan yaye. Yaushe ciwon ya fara? Daminar bara waccan. Yaushe Lado ya ba ka tantabaru? Bazarar bara waccan. Kai ka rubuta, ba ni ba. Da Dela ta je ruga, ta warware tun ranar farko. Da Gwaggo ta tafi Kanya Babba kwana arba'in, ba wuta, ba kasko, taga a buɗe, ciwon ya tashi sau uku har ya fi na da. Ka ce tsohon hayaƙi ne bai gama fita ba. To yaya ya fita a yini ɗaya a Gwiwa, ya ƙi fita a kwana arba'in a Roni? Ka tambayi kanka, mene ne bai bi Dela ruga ba, kuma bai bi Gwaggo Kanya Babba ba? Abin da ya zauna a gida duka lokutan biyun shi ne tukwanenka, da tarin busasshen kashin da kake tanadi, da kai kanka a kan kututture da sigari a baki.

An koya maka a Kano cewa taga tana kawo iska mai kyau. Ba a koya maka ka duba abin da ke bayan bangon ba kafin ka sa diga. Ka fasa tagarka daidai kan tantabaru arba'in. Likitan nan ya ce ƙurar gashin tsuntsaye da ta busasshen kashinsu tana cikin manyan abubuwan da ke tayar wa mutane da yawa fuka, balle a ce suna tattaka shimfiɗar da yarinya za ta kifa fuska a kai. Sannan ka zauna a ƙarƙashin tagar kana busa mata taba, ita kuma ta leƙo da kai don tana ƙaunarka. Ka ɓoye wa Gwaggo sigarinka don kunya, ka aika da hayaƙinsa kan gadon 'yarka. Hayaƙin da aka naɗe a farar takarda aka zuba a gwangwani bai fi na kasko tsabta ba. Shekara guda tsohuwar nan tana liƙe taga a kan dalilin da ba daidai ba, amma abin da take tarewa ya cancanci a tare shi. Ban ce na tabbata tantabarun ne tushen ciwon ba, ni ba likita ba ne, kuma likitan ma bai ga yarinyar ba. Amma wanda ya shirya korar gwaggonsa a kan zato, ai ba zai ƙi korar tsuntsaye a kan zaton da ya fi nasa ƙarfi ba.

Ga abin da za ka yi, kuma a jere yadda na faɗa, kada ka tsallake na farko ka faɗa na ƙarshe. Ka fara da kanka. Ka kwashe tantabarun duka ka mayar wa Lado, kada ka bar ko biyu da sunan iri, har farar nan Amarya. Dela za ta ji zafi, ka faɗa mata gaskiya, yara suna fahimta fiye da yadda muke zato. Sigari kuwa in ba za ka iya bari ba, ka sha a bakin kasuwa, ka kakkaɓe riga kafin ka shiga gida.

Bayan nan, ba kafin nan ba, ka ɗauki limamin da ka raina wa shawara ku shiga wurin Gwaggo. Ka durƙusa. Ka janye maganar da ka faɗa, a gaban matan da suka ji ta. Ka faɗa mata da bakinka cewa tagarka tana shigo da cuta, kuma kana shan taba a bayan ɗakinta. Na san wannan zai fi maka wuya fiye da dajin Bama. Amma sai ta ga ka sauke naka kayan sannan za ka iya roƙonta ta sauke nata. Ba taurin kai ke sa ta hura wutar nan ba, tsoro ne. Duk lokacin da sanyi ya shigo, ita ƙananan kaburbura huɗu take gani. In ka ƙwace mata kasko ka bar ta hannu wofi, za ta sayo wani. Ka ba ta abin yaƙar sanyin da ba shi da hayaƙi: riga mai kauri, wankakken gwado da ya sha rana, kunu mai zafi, da dutse da za a gasa a murhun waje a naɗe a zane a ɗumama shimfiɗa. Ka sa kafinta ya yi wa tagar murfin katako, ya zama Gwaggo ce mai buɗewa da hantsi, ita ce mai rufewa in sanyi ya sauko. Wanda aka ba riƙon abu ba ya liƙe shi da laka.

Sannan ka tura Dela wurin Inno na mako biyu, ka roƙi Gwaggo ta raka ta. Bari ta gani da idonta yarinya na kwana a bukkar kara tana tashi da gudu, wannan zai fi mata duk karatun da ka yi a Kano. Suna can sai ka gyara ɗakin. A yayyafa ruwa a kan kashin kafin a kwashe, kada a share shi a bushe. A cire tukwanen, a kankare bango ciki da waje, a kakkaɓe kunkunniya, a yi sabon yaɓe a bar shi ya bushe sarai. Murhu ya koma tsakar gida, kuma da busasshen itace. Tabarmi da matashi su riƙa shan rana duk mako, wanda ya ruɓe a ƙona. In za a yi shara a yayyafa ruwa, yarinyar ta fita sai ƙura ta kwanta. Fitila kada ta kwana tana ci, turaren wuta kuma, in Kaltume na yi, ta yi shi nesa da ita. Kaltumen ma ka sassauta mata. Ka sa ta tsakanin mijinta da surukarta kana zaginta don ta ƙi zaɓa, alhali ita ce ta kai yarinyar inda ta sami sauƙi.

Abu na ƙarshe, kowa a gidan ya sani, har Amarya ta bayan katanga: in Dela ta kasa magana, ko haƙarƙari ya fara lotsawa, ko leɓe ya sauya, a zaunar da ita a fili, kada a kwantar, a nufi ɗakin shan magani nan take, ko kana nan ko kana rangadi. In malamin ya ce a kai ta babban asibiti a Kano a duba ƙirjin, kada ka ja lokaci.

Ka tambaye ni motar ko takardar. Motar, amma ta Yankwashi, kuma tantabaru ne fasinjanta. Gwaggo tana nan. Ita ta binne huɗu, kai ka binne biyu, duk ƙasar Roni ba wanda ya kai ku biyun tsoron rasa yarinyar nan, kuma kun shekara kowa yana cika mata ƙirji da nasa hayaƙin yana hararar ɗan'uwansa. Kai ne ƙarami, kai ne kuma mai karatu, sai ka fara kashe naka.

Allah ya huci zuciyar Gwaggo, ya sa ta ci tuwon gidanka. Allah ya ba Dela lafiya, ya ba ta numfashin da za ta cika muku gida da kuka har ku rasa inda za ku sa kanku.

Naka,
Malam Na-Dakali.